Jan Furen da Muka Kai Wa Uwar Nomau

Tun ranar da na dawo daga Ƙonni, abokan aikina a makaranta da mutanen zaurenmu na Ƙofar Atiku ba su bar ni na huta ba. Wani ya ce yaya ƙasar Faransi take, wani ya ce da gaske ne an kulle mu a kan iyaka, wani kuma abin da ya dame shi kawai shi ne inda takalmana suka shiga. Na ba da labarin sau da yawa, kuma na lura duk bayarwa yana ɗan sauyawa a bakina, abin da ba na so. Shi ya sa na ga gara in rubuta shi sau ɗaya, gwargwadon abin da na gani. Inda ban tabbata ba zan faɗa. Kada kuma a ɗauka na san ƙasar Faransi. Kwana uku na yi a cikinta, ban wuce tafiyar yini ɗaya daga iyaka ba.

Ba a kulle mu ba. Zan zo kan wannan.

Tafiyar ba tawa ba ce, ta kawuna ce, Saje Arzika, ƙanen mahaifiyata, wanda yawancinku kun sani a mahauta. Barunje ne tun kafin ya shiga soja, da ya dawo kuma ya koma kan wuƙarsa. Kafin yaƙin Jamus yakan hau arewa sayen shanu. A wani ƙauye bayan Ƙonni, Tungar Kalgo, wata mata ta kama hannun ɗanta Nomau, saurayi, ta sa a hannunsa don ya koya masa fawa a Sakkwato. Da Kawu ya shiga soja Nomau ya bi shi. Aka ɗauke su a jirgin ruwa zuwa Gabashin Afirka. Kawu ya dawo, Nomau ya mutu a can, kuma Kawu ne ya binne shi.

Fiye da shekara goma Kawu bai faɗa wa uwar ba. Duk rani masu koro shanu daga arewa sukan zo da saƙonta, shi kuwa amsarsa ɗaya: ba a ji labari ba tukuna. Dalilin da yake ba mu a gida shi ne, mai kai labarin mutuwa daga nesa ba ya zuwa hannu wofi, yakan kai hular mamaci ko zobensa ko layarsa, shi kuma ba shi da ko zaren rigar Nomau, don kayansu sun tafi a wani kogi. Ni dai na ɗauka kunya ce. Na yi kuskure, ko kuma rabin gaskiyar na hango.

Bana saƙon ya sauya. Aka ce tsohuwar idonta ya tafi, ba ta fita ko ƙofar gida. Aka ce ta hana a yi wa Nomau sadaka tun da babu wanda ya shaida mutuwarsa, kuma kowace kaka sai ta sa an ware masa damin gero a rumbu guda.

Sai kuma maganar furen, saboda waɗanda ba su taɓa zuwa fili ba. Kowace shekara, a watan da Turawa ke kira Nuwamba, ranar da yaƙin ya ƙare, sukan taru da hantsi a filin bariki. A busa begila, kowa ya tsaya cik ba magana har minti biyu. Kowannensu yana da jan fure a ƙirji, ba na gaskiya ba, na ƙyalle, da baƙin maɓalli a tsakiya. Popi suke kiransa. Matansu ke yawo da shi a faranti, mutum ya ba da abin da ya sauƙaƙa don taimakon sojojin da suka nakasa, ya ɗauki ɗaya. An gaya mana wai shi ne ya tsiro a kan kaburburan sojoji a Turai. Mu malamai mukan tsaya da ɗalibai a gefe ɗaya, tsofaffin sojoji da lambobinsu a wani gefen. Bana matar Baturen makaranta da kanta ta maƙala wa Kawu ɗaya a riga.

Bayan azahar sai ga shi a ɗakina.

"Malam Isa," ya ce. Ba ya kirana malam sai yana da bukata. "Huren ga, don wa anka yi shi?"

"Don tunawa da sojojin da suka mutu a yaƙi, Kawu."

"Har da namu?"

"Ina jin har da namu. Haka dai aka ce."

"Alhamdu lillahi. To gwamnati ta ba da shaida. Shirya, kai za ka karanta musu."

Sai da na ɗan jima kafin na gane hanyar da ya bi. A wurin Kawu, duk abin da ya fito daga hannun Bature shaida ne: takardar haraji shaida ce, lambar soja shaida ce, takardar sallama ma haka. Ga kuma rubutu ƙanana a jikin maɓallin. Na gaya masa rubutun sunan asusun da ake tara taimakon ne, iri ɗaya ne a kan kowane fure.

"Wa zai sani can? Ka ce sunan Nomau na."

Abin da ya kamata in ce a nan shi ne a'a. Abin da na ce shi ne, "Sai mu gani." Mahaifiyata ta sa baki, ta ce in raka ƙanenta. Na nemi izinin kwana goma, aka ba ni, har da wasiƙa da Turanci mai bayyana ko ni wane ne.

Muka fita bayan asuba da jaki ɗaya. Kawu ya sa furen a gwangwanin taba, ya sa gwangwanin a cikin hularsa. Wannan ya jawo mana wata al'ada da ta bi mu har ƙarshen tafiya. Duk lokacin alwala, kafin ya yi shafar kai, sai ya cire hula ya miƙo mini gwangwanin, ya ce, "Riƙe da hannu biyu." Sau biyar a yini, wani lokaci fiye, don Kawu mutum ne mai yawan sabunta alwala.

Gulbi bai janye sosai ba, sai da kwalekwale. Jakin ya ƙi ruwa. Mai fito ya ja, Kawu ya tura, ni kuma aka ce in tsaya gefe don ina tsorata shi da farar rigata. Ban san ko gaskiya ne ba, amma ina matsawa ya shiga.

Na sa takalman Turawa da na saya a Sabon Gari, don na ga za a shiga ƙasar wasu, bai kamata malamin gwamnati ya tafi kamar ɗan dako ba. Kafin mu kai Kware dugadugaina biyu sun kumbura sun fashe. Bafulatanar da muka sha furarta a bakin kasuwa ta dubi ƙafafuna ta dubi Kawu, ta ce, "Baba, wane laifi ya yi aka sa masa mari a ƙafa?" Kawu ya ce laifin karatu ne. Daga nan na hau jakin, kayan suka koma kan Kawu, abin da har yanzu nake jin nauyinsa.

A Gwadabawa muka sauka gidan wani barunje abokin Kawu, Bawa. Ya ba mu zaurensa, ya kawo tuwon gero da miyar sure, da kayan ciki cike da akushi. Su mahauta abin da ake girmama baƙo da shi ke nan, kuma ba a bari ka tsaya sai an ga gumi. Na ci fiye da abin da cikina ya saba, na kuma biya daga baya. Da Bawa ya ga yadda ake miƙo mini gwangwani wajen alwala, ya nace sai an buɗe masa. Ya leƙa, ya yi dariya har da tari.

"Saje, tsohuwa za ka kai ma hure awa mai neman aure? Ina goro, ina turmi?"

"Bawa, kai da ba ka taɓa wuce Kware ba, mi ka sani ga sha'anin gwamnati?"

"Na san ba ta taɓa ba ni komi ba sai takardar haraji."

"To ai ita ma shaida ta. Shaidar kana da rai, ko da ba ka da amfani."

Da safe, Kawu yana ɗaure kaya, Bawa ya ja ni gefe. Ashe ya san labarin duka. Ya ce, "Ɗan boko, in sunka tambaye ka, faɗi abin da kawunka ka so. Mutum dai ya mutu, ba ƙarya kay yi ba." Na ce mutuwar gaskiya ce, amma sunan ba ya nan, kuma ina tsoron shaidar zur. Ya dube ni kamar yadda ake duban saniyar da ba a gane ciwonta ba. Sannan ya ba ni fade, takalmin fatar shanu, ya ce in bar takalman a wurinsa. Ga masu tambayar takalma, amsarku ke nan: da muka biyo ta nan a komowa, na tarar ya sa su zuwa wani suna, ƙafarsa kuwa ta fi tawa faɗi, sun yage ta gefe biyu. Ya ce ba su da ƙarko. Fadensa ne a ƙafata yanzu da nake rubutun nan.

Kwana na uku da hantsi muka wuce Illela muka kai iyaka. Na zaci zan ga wani abu. Tarin duwatsu ne da sanda a tsakiya. Geron wannan gefe da na wancan iri ɗaya ne, an ma ce mini mai gonar ɗaya ne. Gaba kaɗan akwai rumfa da masu gadi biyu na Faransi, da jar dara da gajeren wando, ba takalmi. Muna nesa na ji suna hira da Hausa irin tamu, muna isowa ɗayansu ya daka mana tsawa da Faransanci.

Tun daga Sakkwato nake shirya amsoshin tambayoyin da na ɗauka za a yi mini: sunana, aikina, wanda ya ba ni izini, kwana nawa zan yi. Ba a yi mini ko ɗaya ba. Wasiƙata ma ba a karɓa ba. Abin da mai gadin ya lura da shi shi ne Kawu yana ta taɓa hularsa. Ya sa aka cire, ya buɗe gwangwani, ya zaro furen ta ɗan ƙarfen da ake maƙala shi da shi, ya juya shi. Ya tambayi ɗan'uwansa, shi ma bai sani ba. Suka ce wataƙila alamar wata ƙungiya ce ta Ingilishi, sai an kai mu bariki. Muka bi shi har Ƙonni, yana gaba da gwangwanin, Kawu yana binsa a dugadugai yana cewa ya riƙe da hannu biyu. Aka zaunar da mu gindin wata tsamiya har la'asar. Kullewar da kuka ji ke nan. Ruwa ma an kawo mana.

Wanda ya fitar da mu tafintan kumandan ne, kumandan kuwa shi ne kamar joji a wurinsu. Sunan tafintan Abarshi, mutumin Adar, dogo, babu yatsu biyu a hannunsa na hagu. Yana buɗe gwangwanin ya ce wa mai gadin ya koma bakin aikinsa.

"Wa yay yi soja cikinku?"

Kawu ya miƙe ya ƙame. Abarshi ya ce ya zauna, shi ma soja ne, Faransi ta kai su can Turai. Ya ce ya san furen nan, ba na ƙyalle ba, na ƙasa. Wannan ne mutum na farko da na taɓa gamuwa da shi wanda ya gan shi da ido, don haka na tambaye shi yadda yake.

"Ciyawa ta, malam. Awa tafasa. Ba mai shuka ta. Inda anka tone ƙasa nan take fita, mu kau ba abin da munka yi sai tonon ƙasa. In ka tsinke ta, kahin ka kai ta hanci ta zube."

Kawu bai ji daɗin kalmar ciyawa ba. Ya ce a yaƙin da shi ya yi bai ga ko ɗaya ba, ruwan sama kawai ya gani da ciyawa mai rufe mutum, da yunwa. Abarshi ya ce shi sanyi ne ya ci yatsunsa, ba harsashi ba. Suka shiga gardama a kan wanda ya fi muni, sanyi ko yunwa, kowa yana kare nasa kamar garinsu ake zagi. 

Abarshi ya ce su ma Faransawa suna taruwa a wannan ranar, a busa begila a yi shiru. Ya ji wasunsu na cewa furen tunawarsu shuɗi ne, amma shi bai ga ana rabawa a Ƙonni ba. Ya ce a can ƙasarsu kowane gari yana da dutse da aka sassaƙa sunayen waɗanda suka mutu. Kawu ya tambaya ko har da na mutanenmu. Ya ce shi dai na Faransawa ya gani. Na rubuta wannan yadda ya faɗa, ban iya tabbatar da shi ba.

Ya aika aka kawo mana burodinsu, dogo kamar sanda, bayansa da tauri har yana yanka dasashi. Kawu ya jiƙa nasa a ruwa. Abubuwan da na lura da su a Ƙonni ba su da yawa. Mutane sukan cire hula da takalmi tun daga nesa in za su wuce bariki, fiye da yadda muke yi. Kowa da muka zanta da shi sai ya kawo maganar aikin dole na gyaran hanya, kuma da murya ƙasa-ƙasa. In ban da wannan, sallama ɗaya ce, tuwo ɗaya ne, sauron zangon fatake da muka kwana ma bai bambanta da namu ba.

Da za mu rabu, Abarshi ya mayar wa Kawu gwangwanin da hannu biyu, ba tare da an gaya masa ba.

Washegari muka bar jakin a zango muka kama hanyar Tungar Kalgo da ƙafa. Da muka hango rumbunan garin Kawu ya juyo gare ni.

"Malam Isa, ka tuna abin da za ka ce?"

"Kawu, ba na jin zan iya."

"Ba ka jin. Shekara biyar kay yi Katsina kana karatu, ba a koya maka i ko a'a ba?"

Muka ci gaba da tafiya.

Wan Nomau, Jimrau, shi ya tare mu. Ya gane Kawu nan take, fuskarsa kuma ba ta saki ba. Ya aika a kira liman, sannan ya shigar da mu tsakar gida. Tsohuwar tana zaune a tabarma a inuwar rumbu, ƙarama ƙwarai, idanunta fari fat. Kawu ya durƙusa ya yi sallama. Ba ta jira a faɗa mata ko wane ne ba.

"Arzika. Ka tsuhwa, muryarka ta faɗi."

"Na tsuhwa, Inna."

Aka yi gaisuwa mai tsawo: gida, iyali, kaka, shanu, gajiyar hanya. Aka kawo fura muka sha. Liman ya iso ya zauna. Sannan Kawu ya cire hula, ya buɗe gwangwani, ya sa furen a tafin hannunta. Ya ce saƙon gwamnatin Ingilishi ne a kan Nomau, ga kuma malami ya zo da shi don ya karanta.

Ta shafa shi da yatsu, ta kai hanci. "Wanga ƙyalle na," ta ce. Jimrau ya karɓa, ya ga rubutun, ya miƙo mini.

"Karanta muna, malam. Sunan Nomau na?"

Na dubi maɓallin, ko da yake na san abin da ke jikinsa. Ban dubi Kawu ba. Na ce a'a, ba sunansa ba ne. Na ce sunan asusun taimako ne, kuma duk wanda ya je fili ranar nan yana iya samun irinsa. Na kuma ƙara wasu bayanai da ba a tambaye ni ba, waɗanda ban tuna su yanzu.

Jimrau ya ajiye furen a tabarma. Ya ce wa Kawu, "Shekara goma kana aiko muna ba a ji ba, yau kuma ka zo muna da tsumma?"

Tsohuwar ta ɗaga hannu, ya yi shiru.

"Arzika, ba gwamnati nib ba ɗana ba. Kai nib ba. Ina shi?"

Kawu ya daɗe kansa a ƙasa. Da ya fara magana, ba da muryar da na sani ba ce. Ya ce an harbi Nomau a cinya a cikin daji. Sun ɗauke shi kwana biyu a kan bargo, ya cika da safe, yana kalmar shahada, kansa a kan ƙafar Kawu.

Ta ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, mu ma muka faɗa. Ba ta yi kuka a gabanmu ba. Tambayoyi ta shiga yi, ɗaya bayan ɗaya.

"Wa yay yi mai wanka?"

"Ni, Inna. Da ruwan sama da munka tara."

"Likkahwani?"

"Bargona."

"An yi mai salla?"

"Mu huɗu."

"An ba shi alƙibla?"

A nan Kawu ya tsaya. Ya ce ya haƙa kabarin yadda muke haƙawa, don fuskar mamaci ta dubi gabas. Sai wani ɗan dako mutumin ƙasar, Musulmi, wanda ba ya jin Hausa, ya kama masa hannu yana nuna arewa yana cewa Makka, Makka. Ruwa na zuba, an busa a tashi, ba wanda za a tambaya. Ya bi maganar baƙon, ya juya kabarin.

"Tun ran nan ban sani ba, Inna, ko na kwantar da ɗanki ya ba alƙibla gehe. Abin da yah hana ni zuwa ke nan. Ba hula ba, ba zobe ba."

Ko a gida bai taɓa faɗar wannan ba. Liman ya gyara zama, ya ce shi dai abin da ya sani, kuma ya gada, alƙibla gabas take. Jimrau ya sunkuyar da kai. Tsohuwar ta juya fuskarta wajen da take jin numfashin Kawu.

Na nemi izini in yi magana. Na tambayi Kawu ta inda jirgin ya bi da su. Ya ce sun yi ta kudu kwana da kwanaki, suka zagaya ƙarshen ƙasa, suka sake hawa, aka sauke su a bakin teku, daga nan suka shiga daji. Na ɗauki kara na zana a ƙasa, yadda nake yi wa ɗalibai a allo. Ga mu nan, ga Makka a gabashinmu. Ga hanyar jirgin. Ga inda aka sauke su, can ƙasa, daidai ƙarƙashin Makka. Wanda ke tsaye a nan, in ya dubi gabas teku zai duba. Makka tana arewa da shi.

Liman ya sunkuyo ya daɗe yana duban zanen. Ya ce ya taɓa ji daga wani alhaji cewa a can masu salla kewaye Ɗakin Allah suke yi, kowa ta gefensa, don haka maganar ba ta saɓa hankali ba. Tsohuwar ba ta iya ganin zanen. Ta miƙo hannu, na matsa, ta kama wuyan hannuna.

"Ɗan nan, kai ne kac ce ba sunanai ba na?"

"Ni ne, Inna."

"To wagga magana ta arewa, ka tabbata?"

"Na tabbata."

Ta sake ni. Ta ce alhamdu lillahi sau uku. Kawu ya rufe fuskarsa da hular da ke hannunsa, muka kau da kai har ya gama.

Can ta laluba tabarma ta samo furen. Ta tambaye ni, tun da ba na Nomau ba ne, na wane ne. Na ce abin da Turawa suka faɗa shi ne na duk wanda ya tafi yaƙin bai dawo ba. Ta juya shi a hannu kaɗan, ta miƙa wa Jimrau.

"Soke shi ga jinkar rumbun nan nashi, don mata su san wanda za su buɗe. Gobe a yi sadaka."

Muka kwana. Tun da sassafe matan ƙauyen suka taru da turame. Geron ya yi yawa, don an ce kowace kaka akan fid da tsoho a zuba sabo, a ƙara dami ɗaya. Aka yi gumba, aka yi fura, liman da mutanen gari suka yi addu'a. Kawu ne ya yanka akuyar ya feɗe ta, Jimrau yana riƙe masa ƙafa. Ban ji sun yi wata magana ba in ban da ta aikin. Da za mu tafi, Kawu ya bar wa Jimrau gwangwanin, ya ce yana da kyau wajen ajiye allura.

Wasunku sun tambaye ni ko ya halatta Musulmi ya maƙala furen nan. Ban sani ba, a tambayi malamai. Wasu kuma sun ce da na bi maganar Bawa da an huta tun farko. Wataƙila. Ban kuma iya cewa na ƙi ne don ƙarfin hali, ina jin tsoro ne ya fi yawa a ciki.

Mun bar garin ana ta daka, furen yana soke a jinkar rumbun da aka buɗe. Azahar ta same mu a bakin wata rijiya kafin Ƙonni. Kawu ya tsuguna da buta, ya wanke hannu da fuska. Da ya kai shafar kai na matso na miƙa hannu biyu, yadda na saba. Ya dubi hannuwan, ya dube ni. Sai ya cire hular ya ajiye ta a ƙasa, ya ci gaba da alwalarsa.